Yadda na cire rubutun bayan motata, da ɓarnar da na fara yi

Ni dai tun ranar da motar nan ta shigo hannuna rubutun da ke jikin but ɗinta yake min tsaye a rai. Ba babban tambarin kamfanin nake nufi ba, shi kam ba ruwana da shi, waɗannan ƙananan haruffan ne masu ƙyalli na sunan samfurin motar da lambar girman inji, ga kuma wata sitika ta dilan da ya fara sayar da ita an manna a gefe duk ta ƙone ta tsattsage. Harafi ɗaya ma ya riga ya faɗi tun kafin in saya, sai bayan motar ya koma kamar bakin mai giɓi, kullum na zo buɗe but sai idona ya kai wajen.

Ranar da abin ya isheni na ɗauko sukundireba na sa a ƙasan harafin farko na ɓanɓaro. Ya fita kam, ba musu. Amma bakin ƙarfen ya zame ya ja min wani layi a fenti mai tsawon farce, har ina hango fari-farin da ke ƙasa. Wallahi na kai minti biyar a tsaye ina kallon wajen ina shafawa da yatsa kamar shafawar zata mayar da shi. Daga nan na ajiye kayan faɗa na koma neman sanin me ya riƙe haruffan nan tukunna.

Ashe ba gam bane irin wanda muka sani mai bushewa ya ƙandare. Wani tef ne mai danƙo gaba da baya, tsakiyarsa kamar soso, irin wanda kamfanin 3M ya yi suna wajen yi, an yanka shi daidai siffar kowane harafi. To kaga kenan aikin ba na ɓanɓara bane, yanka ne, soson nan na tsakiya zaka raba biyu, rabi ya tafi da harafin rabi ya tsaya a jikin mota ka bi shi daga baya. Shi kuma fentin mota hawa-hawa ne, akwai na share fage a jikin ƙarfe, sai mai kalar, sai wani garai-garai a sama wanda shi ne ke ba da sheƙi, kuma wannan na saman kaurinsa bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato kusan rabin kaurin takardar A4. Abin da na sa wa sukundireba kenan fa.

Kafin ka taɓa komai, abu ɗaya da zan roƙeka ka duba: ba duk tambari bane tef kaɗai ke riƙe da shi. Wasu, musamman babban na tsakiya da na wasu tsofaffin motoci, suna da 'yan ƙafafu a baya da suka shige cikin huda a jikin bodi. Ka buɗe but ka ɗaga murfin cikin ka leƙa da tocila, in ka ga ƙafafun sun leƙo to ka haƙura ka barshi, don in ka cire ramuka biyu ko uku zaka samu suna kallonka, ruwa ya riƙa shiga tsatsa ta biyo baya, sai dai kuma mai gyaran bodi da mai fenti. Nawa dai na ci sa'a, tef ne zalla.

Sai na wanke wajen da sabulun mota sosai, har tsakanin haruffan, saboda ƙurar da ta maƙale a gefensu ita ce zata zame maka sanfefa da zarar ka fara gurzawa. Na busar, sannan na jawo na'urar busar da gashi na riƙeta nesa da fentin kamar tsawon tafin hannu, ina kaiwa ina komowa minti ɗaya zuwa biyu a kan harafi guda. Ma'aunina shi ne bayan hannuna, in wajen ya yi zafin da zan iya jurewa to ya isa. Akwai masu amfani da waccan bindigar zafin ta masu aikin hannu, ni ban yarda da ita a hannun ɗan koyo ba, zafinta na iya haura digiri 500, ka ɗan shagala kaɗan fenti ya tashi ya yi bororo, in a bamba ne kuwa robar ma lanƙwashewa zata yi. In ba ka da na'urar ma ka bar motar a rana ta ɗau zafi, yana yi.

Yankan da zaren kamun kifi na yi. Ka yanko kamar kamu biyu, ka naɗe kowane ƙarshe a jikin ɗan guntun itace ko biro, kar ka naɗa a yatsa, ni na naɗa kuma na ji a jikina, zaren nan yanka yake kamar reza. Sai ka zura shi ta bayan harafin daga sama, ka riƙa ja dama da hagu a hankali kamar mai zarto, kana ɗan janyo hannunka wajenka yadda zaren zai jingina da bayan harafin ba da fentin ba. Zaka ji yana nutsewa cikin soson sululu. In ya fara turjiya kar ka yi masa ƙarfi, sanyi ya yi, ƙara masa zafi kawai. Zaren sakace haƙori ma yana yi sai dai yawan tsinkewa, ka ninka shi biyu. Sitikar dilan kuwa ba ta buƙaci zare ba, zafi na ba ta na ɗaga kusurwa da tsohon katin ATM na ja a kwance a hankali.

Haruffan duka basu cini minti ashirin ba. Inda aikin yake shi ne baƙin danƙon da suka bari. Nan fa na zauna, ina ɗumamawa ina mulmulawa da babban yatsa yana naɗewa kamar dattin magogin fensir, har yatsan ya yi ja. Abin da ya rage na sa masa maganin cire danƙo, akwai na 3M akwai Goo Gone na mota, WD-40 ma yana taimakawa, ka fesa ka bashi 'yan mintuna ya jiƙa sannan ka share da tsumma mai laushi irin maikirofaiba, kana juya gefe mai tsabta. Ko wanne zaka sa fara gwadawa a lungun da ba a gani, kamar cikin ƙofa, balle in an taɓa yi wa motar sabon fenti, don shi bai cika juriya irin na kamfani ba. Tina da asiton, har da abin goge jan farce na mata, kar ma su zo kusa, sheƙin zasu cinye. Masu cewa a sa fetur kuma, ga na'ura mai zafi a gefe ga fetur a tsumma, ni dai ba da ni ba. Akwai wata tayar roba da ake ɗaurawa a diril tana kwashe danƙon nan da nan, amma ita ma zafi take haifarwa in ka tsaya waje ɗaya, kuma ba a sa ta a bamban roba.

Bayan na gama na ja baya ina murna, sai ga rubutun nan raɗau ana karantawa, babu haruffan amma shatinsu na nan. Dalili biyu ne, dattin da ya shekara yana taruwa a gefe, da kuma rana, ta koɗar da fentin ko'ina banda inda haruffan suka rufe. Na sa folish mai laushi na goga da hannu zagaye biyu, kusan duk ya ɓace, sai in ka tsuguna rana ta haska ta gefe zaka ga alama kaɗan. A tsohuwar mota da ta koɗe sosai, musamman ja, shatin na iya ƙin tafiya gaba ɗaya, gara ka sa wannan a lissafi tun farko. Na ƙarasa da shafa waks, tunda maganin danƙon ya wanke wanda ke wajen.

Haruffan ban zubar ba, suna cikin leda a aljihun dashbod, saboda wasu masu saye in suka ga bayan mota fayau sai su fara zargin ta taɓa yin hatsari an sake fenti. Layin sukundireban nan kuwa folish bai iya masa komai ba, ya yi zurfi. Na kwafi lambar kalar motar daga sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba na samo ɗan fentin ciko, na ɗiga da tsinke sau biyu, ya rufe farin amma in ka shafa zaka ji tudun.