Ranar Da Na Zagi Babban Baƙo Da Turanci

Ina aji biyar na sakandare a nan Sakkwato na sayi ɗan littafin rubutu a Tsohuwar Kasuwa, na mayar da shi rumbun manyan kalmomin Turanci. Duk kalmar da ta cika mini baki sai in rubuta ta, in lanƙaya mata fassara guda ɗaya tal. Burina a ce yaron nan ya sha boko.

Ranar rabon kyaututtuka aka ba ni jawabin godiya ga babban baƙo, wani attajiri da ya haƙa mana rijiyar burtsatse. Na miƙe, na gyara murya, na kira shi "notorious philanthropist". Nufina sanannen mai taimakon jama'a. A littafina "notorious" sananne ne. Gaskiya ne, amma sananne da mugun hali, irin wanda muke cewa ƙasurgumin ɓarawo. Alhaji ya yi murmushi kawai. Malamin Turancinmu ya ja ni bayan aji, ya ce, "Ɗana, mi kac ce ma bawan Allahn nan?" Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ƙannena, tarkon ya fi yawa a kalmomin da ke farawa da "in". Mun saba tana kore ma'ana, sai ka ɗauka "invaluable" abin banza ne, alhali abu ne mai darajar da ta wuce a yi mata kuɗi. "Inflammable" da ake rubutawa a jikin tankar mai, mai saurin kamawa da wuta ne. "Infamous" kuwa ɗan'uwan "notorious" ne. Akwai kuma "enervate", da na taɓa rubutawa a jarabawar gwajin WAEC ina nufin ƙara kuzari. Ashe raunana mutum take nufi.

Abin da ya kuɓuce mini yana nan cikin zaurukan garinmu. Malami ba ya ba ka ma'anar kalmar Larabci a tsirara, sai ya karanta ta cikin jimlarta. Ku yi wa Turanci haka. In kun buɗe ƙamus, kada ku tsaya a layin farko, ku karanta misalan da ke ƙasa, ku ga ko yabo ake yi da kalmar ko zagi. Ni dai ba na furta sabuwar kalma sai na gamu da ita sau uku a rubutun wanda ya iya.

Littafin yana nan cikin akwatina. A gefen "notorious" malam ya rubuta da jan biro: "Ba a ce ma mutumin kirki."