Inda muka kai: lambobin asusun shagon hatsi rukuni-rukuni

'Yan'uwa masu koyo, wannan makon mun gama jera asusun misalinmu, shagon hatsi a Garwa, kuma ga abin da ya fito.

A Kamaru da Chadi ba kai ke zaɓar lambobin farko ba. Tsarin SYSCOHADA da aka sabunta, wato tsarin lissafin kasuwanci na ƙasashen OHADA (ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci ɗaya), wanda ya fara aiki 1 ga Janairu 2018, ya riga ya yanka gidajen: 1 jari, 2 kadarori, 3 kayan ajiya, 4 masu bin ka da waɗanda kake bi, 5 kuɗi, 6 kashewa, 7 shigowa. Filinka yana farawa ne daga lamba ta biyar.

Nan aka fi yin tuntuɓe. Sai mutum ya ce 4111 'yan sari, 4112 'yan kiri. A'a, 4112 na kamfanonin da kuke gida ɗaya da su ne. Dukkan abokan cinikinka su zauna ƙarƙashin 4111, ka ƙara lamba huɗu, su zama takwas: 41111000 zuwa 41111999 'yan sari, 41112000 zuwa 41112999 masu ɗaukar bashi a tiya, rukunin 3000 a bar shi fanko.

Kaya kuma wutsiyarsu, wato lambobi huɗu na ƙarshe, ta zama ɗaya ko'ina, a 6011 na saye da 7011 na sayarwa. In dawa ce 1010, masara 1020, gero 1030, to sayen dawa 60111010, sayar da ita 70111010. Kallo ɗaya ka san ribar dawa. Tsallen goma-goma ɗin nan kada ku raina shi. Ranar da kuka ga ya kamata a raba muskuwari, dawar rani, da jar dawa, 1011 na nan yana jira. Wanda ya jera 1, 2, 3 sai ya kai shi can bayan gishiri, jimillar hatsi ta ɓace masa.

Buhun da aka sayo a Mubi ba ya shiga 6011, gidan abin da aka saya a cikin yanki, domin Najeriya ba ta cikin OHADA. Gidansa 6012.

Kuɗin waya ma kada a zuba su a 571 tare da na akwati, lissafin yamma ba zai taɓa dacewa ba. Gidansu 552, Orange Money da lambarsa, MTN da tasa.

Duk lambobi tsawonsu ya zo ɗaya, in ba haka ba Excel zai kai 70111010 can nesa da 7011. Asusun da aka rufe kuma ba a ba wani lambarsa.

Mako mai zuwa sai harajin TVA, wato VAT, asusun 443 da 445.