Inda hawa yake tsayawa

Duk wanda ya zauna ajin taminal, ajin ƙarshe na lise, a Maraɗi, a Lise Ɗan Baskore ko a wata makarantar kuɗi, ya san da wuya jarrabawar lissafi ta bak, wato ta kammala lise, ta zo ba tare da nazarin fonksiyo ba, wato ƙa'idar da kake ba ta lamba x ta ba ka wata lamba. A ba ka f(x), ka fitar da deriwe, wato saurin canjinta, ka nemo inda ya zama sifiri, ka ja tablo da kibau, wasu na hawa wasu na sauka. Na daɗe ina koya wa ƴan lise wannan babi da yamma bayan an tashi daga aji, kuma abin da ya fi zauna mini shi ne: gano inda deriwe ya zama sifiri rabin aiki ne kawai. Amsar ko fonksiyon ta kai ƙololuwa a can tana cikin alamar deriwe kafin wurin da bayansa.

Deriwe yana faɗa maka saurin canjin abu a daidai wuri guda. Idan yana sama da sifiri, ka ƙara x kaɗan, f za ta ƙaru. Idan yana ƙasa da sifiri, za ta ragu. Ƙololuwa kuwa ita ce inda deriwe ya bar saman sifiri ya koma ƙasa da shi. Yaron da ya riƙe wannan da hankalinsa zai iya gina tablo ko da ya manta tsarin da aka rubuta masa a kaye.

Misalin da na fi so daga garake yake, irin waɗanda ake nomawa da rani a bakin Gulbi. Mutum yana da wayar shinge metir 40, zai killace fili mai kusurwa huɗu, gefe ɗaya kuma ya jingina da katanga, ba ya bukatar waya. Idan faɗin x ne, tsawon zai zama 40 − 2x, girman filin kuma 40x − 2x². Deriwe shi ne 40 − 4x. Ƙasa da metir 10 yana sama da sifiri, wato duk faɗin da ka ƙara riba ce. Da ka wuce 10 ya koma ƙasa, abin da kake samu a faɗi bai kai abin da kake asara a tsawo ba. Saboda haka 10 a faɗi, 20 a tsawo, murabba'in metir 200. Yawancin yara kafin lissafi sukan ce a raba wayar uku daidai, amma wannan bai kai 178 ba.

Akwai abu a cikin wannan misali da na daɗe ina jin daɗinsa. Gwada faɗin metir 9: fili 198. Gwada 11: nan ma 198. Ka kauce da metir guda cur, asararka murabba'i biyu kacal cikin ɗari biyu. Amma daga faɗin 2 zuwa 3, filin yana tashi daga 72 zuwa 102. Ma'anar sifirin deriwe ke nan a aikace: kusa da ƙololuwa ƙasa shimfiɗe take, ɗan kuskuren awo ba ya cin mutum. Mai garka ba ya bukatar ya tsaya auna santimetir. Ina ganin wannan ya fi amsar "x = 10" daraja, kuma da wuya ka ga an tsaya an nuna wa ɗalibi shi, saboda ana sauri a gama manhaja kafin jarrabawa.

Sai tarkuna. Ɗauki x³. Deriwe ɗinta 3x² ne, ya zama sifiri a x = 0. Nan take hannuwa ke tashi: "Mushe, ga ƙololuwa!" Babu ita. Kafin sifiri 3x² yana sama, bayan sifiri yana sama. Fonksiyon ta ɗan lafa ne ta ci gaba da hawa. Ɗauki kuma x³ − 3x tsakanin −3 da 3. Deriwe ya zama sifiri a −1 da 1. A −1 fonksiyon ta kai 2, a 1 ta sauka zuwa −2. Wanda ya rubuta 2 a matsayin mafi girma ya faɗi, domin a bakin iyaka, x = 3, ta kai 18. Tudun da ke tsakiya tudun unguwarsa ne kawai. A harkar duniya iyaka kullum tana nan: jari yana da iyaka, fili yana da iyaka, wayar metir 40 ce. Sau da yawa mafi kyawun zaɓi yana can bakin iyakar, inda deriwe bai zama sifiri ba sam.

Tambayar inda ƙololuwa take tsohuwa ce. Sharafuddin Aɗ-Ɗusi, wani malamin lissafi na ƙarni na 12, ya riƙa neman inda wasu jimloli masu x³ suke kaiwa matuƙa domin ya san ko matsala tana da amsa. Fermat na Faransa ya fito da tasa hanyar wajen shekarun 1630, kuma lokacin da Leibniz na Jamus ya buga aikinsa na farko kan wannan ilimi a 1684, sunan da ya ba shi yana magana ne kan hanyar gano mafi girma da mafi ƙanƙanta. Nakan faɗa wa yara haka don su san neman ƙololuwa na cikin dalilan da suka haifar da deriwe tun asali.

Abin da ya fi wahalar shiga, har ga manya, shi ne bambanci tsakanin raguwar abu da raguwar saurinsa. Kowa a Maraɗi ya san zafin watan Afrilu. Rana takan kai tsakiyar sama wajen ƙarfe sha biyu da rabi, amma zafi ba ya kai matuƙa sai wajen ƙarfe uku, gab da la'asar. Bayan azahar hasken da ke sauka ya fara raguwa, sai dai har yanzu abin da ƙasa ke karɓa ya fi abin da take saki. Deriwe na zafin yana ƙanƙancewa amma bai ƙetare sifiri ba, saboda haka zafi yana hawa, a hankali dai. Haka a kasuwa lokacin bazara: idan tiyar hatsi ta ƙaru da dala ashirin wancan mako, wannan mako da dala biyar, za ka ji ana cewa kasuwa ta yi sauƙi. Farashin bai sauka ba, mai saye yau zai biya fiye da na makon jiya. Wanda ya san karanta tablo ba a ruɗa shi da irin wannan magana, ko a kasuwa ko a rediyo in ana batun tsadar rayuwa.

Shi ya sa ba na karɓar tablo daga hannun ɗalibi sai ya karanta mini shi da baki, da Hausa: daga nan zuwa nan tana hawa saboda kaza, a nan ta juya, a nan ta lafa ba ta juya ba, a bakin iyaka ta kai kaza. Wasu sukan yi gunaguni cewa a bak ba a tambayar haka, kuma gaskiyarsu. Amma a lokacin wannan karatun ne mai kibiyar da ke hawa a ƙarƙashin alamar ragewa yakan tsaya tsakiyar jimla, ya kalli takardarsa, ya ɗauki biro ya gyara tun ban ce komai ba.