Talata, Samaru: farantin da ke tarar alfa masu tserewa

Zaman ɗaliban digiri na biyu yau bayan azahar ya tsaya kan FILD, na'urar da ke auna ƙwayoyi masu ƙarfi da suka kuɓuce wa filasmar tokamak. Tokamak injin haɗa ƙwayoyin zarra ne da ke riƙe filasma, wato iskar gas mai tsananin zafi, da maganaɗisu. Haɗuwar diyuteriyam da tiritiyam, nau'o'in haidurojin masu nauyi, na fitar da niyutoron mai MeV 14.1 da alfa, wato cibiyar zarrar hiliyam, mai MeV 3.5 (MeV ma'aunin ƙarfin ƙwaya ne). Niyutoron dama ficewa zai yi. Alfa kuwa ana so ta zauna ciki ta ɗumama filasma. In ta tsere, zafi ya ragu, bango ya sha ƙuna.

Kan na'urar na girafayit ne, ana tura shi har dab da bakin filasma. Ƙwaya ta shiga ta ɗan rami, ta ratsa siririyar tsaga, ta faɗa kan faranti da aka shafa wa hoda mai haskawa. Da yake maganaɗisu na sa ta tafi tana murɗawa kamar tufkar igiya, nisan inda ta sauka ya nuna girman da'irarta, karkatarta gefe kuma ta nuna kusurwar tafiyarta da layin maganaɗisu. Kamara ta ɗauki tabon hasken, bututun ninka haske su bi saurin ƙyaftawarsa.

Mun buga lissafin a allo: a filin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 3, daga tsakiyar da'irar alfa zuwa gefe kusan santimita 9 ne. Sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, to furoton mai MeV 3 fa?" Nan gizo ke saƙa. Shi da tiritiyam mai MeV 1, waɗanda haɗuwar diyuteriyam da ɗan'uwansa diyuteriyam ke haifarwa, duk sun ɗan haura santimita 8, kusan wuri ɗaya suke sauka da alfa. Farantin girman da'ira kawai ya sani, bai san wa ya faɗo ba. Shi ya sa JET, wata tokamak ta Ingila, ta ƙara da siraran fallayen nikel a jere: zurfin da ƙwaya ta nutsa shi ke nuna ƙarfinta.

Zaɓin hoda ma ba wasa ba ne. Hodar P56 na ɗaukar kusan milisakan 2 kafin haskenta ya mutu, ba za ta iya bin igiyoyin Alfvén, wato girgizar filasma da ke iya koro ƙwayoyin waje, masu ɗaruruwan kilohaz ba. Hodar TG-Green da tokamak ɗin ASDEX Upgrade ta Jamus ke amfani da ita ba ta kai maikurosakan 1 ba. In faranti ya yi zafi kuma haske ya dushe, sai mai auna ya zaci tserewar ce ta ragu.