Takardar gwajin zuciya da mai ita

Yau a asibiti nan Jidda wani matashi ɗan ƙwallo ya miƙo takardar gwajin lantarkin zuciya, wato ECG, hannunsa na rawa. Na'ura ta rubuta cewa akwai matsala. Ya ce, "Yaya, zuciyar ce ta lalace?" Bugunsa 52 a minti, ba ciwon ƙirji, ba jiri, ba haki. Abin ya tsaya min a rai, don na'ura ba ta san wanda ke kwance ba. Ita bugu 60 zuwa 100 a minti aka ba ta, alhali mai motsa jiki sosai yakan sauka ƙasa da haka lafiya lau. Siririn saurayi layukan takardarsa kan yi tsayi, mai ƙiba nasa su gajarta saboda kitsen ƙirji. Mu baƙar fata kuma sashen ST, wato wani yanki na layin da ke kan takardar, kan ɗan ɗaga tun asali, wanda bai saba ba sai ya zaci toshewar jijiyar zuciya ce. Tazarar QT, wato lokacin da zuciya ke ɗauka daga fara matsewa zuwa shirin bugu na gaba, ta mace ta ɗan fi ta namiji: iyakarta kusan milisakan 460, tasa 450.

Zafin garin nan ma da nasa. Gumi da maganin hawan jini mai sa fitsari suna rage sinadarin potasiyam, sai igiyar T, wato tudun da ke ƙarshen kowane bugu a takardar, ta kwanta. Kulorokwin yana tsawaita QT, don haka a faɗa wa likita duk maganin da ake sha. Amma in da ciwon ƙirji, kar a tsaya lissafi, a garzaya asibiti. Da ma kowa zai adana tsohuwar takardarsa, likita ya sami abin kwatantawa.