Zuwa Lesotho, inda babur ke hawan dutse

Lesotho ƙasa ce da Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko'ina, kuma duk faɗinta babu wurin da ya gaza mita 1,400 daga doron teku. Jos da muke ta maganar sanyinsa bai kai tudun kwarin da ya fi ko'ina zurfi a ƙasar ba. A cikin duwatsunta na Maluti ake gasar babura ta Roof of Africa a ƙarshen shekara, lokacin da damina ta kankama a can.

Karatu ne ya kai ni Bloemfontein, wani birni a Afirka ta Kudu. Maƙwabcina dattijon bakanike ne, ya daɗe da daina shiga gasa amma bai daina zuwa kallo ba. Da ya ga yawan leƙen da nake yi wa baburan garejinsa, sai ya ce in ina so in san enduro, wato tseren babur cikin daji da duwatsu, in shirya mu tafi. Muka ɗaure tsohon baburinsa ƙirar KTM mai ƙarfin 250 a bayan akori-kura, muka kama hanyar N8 bayan asuba.

Tafiyar ba ta da wani nisa, kimanin kilomita 150 ce, ta Botshabelo da Thaba Nchu, gonaki da fili fetal. Kafin mu isa gadar Maseru, babban birnin Lesotho, wadda ke kan iyaka bisa kogin Caledon, layin motoci ya yi tsawo, kusan kowace da babur a bayanta. Aka buga mana hatimi muka haye. Ban ma nemi ɗan canji ba, don rand na Afirka ta Kudu yana ci a kasuwa, darajarsa ɗaya da loti, kuɗin ƙasar.

A layin nan ne dattijon ya ba ni tarihin gasar. A 1967 wani injiniyan hanya mai suna Bob Phillips ya je wa ƙungiyar masu tseren motoci ta Johannesburg da tayin su zo su gwada kansu a kan mummunar hanyar da ya sani a Lesotho. Da motoci aka fara, babura suka shigo daga baya, yau kuma su suka gaje filin. Alfie Cox ya ci gasar sau 9. Wade Young ya ci a 2012 yana ɗan shekara 16. Dattijon yana faɗin sunayen nan ne kamar 'ya'yan cikinsa.

Ranar farko a cikin gari ake buɗe wasa, a rufe tituna, babura su zagaya kan kwalta, jama'a maƙil a gefen hanya. Akwai ƙara da ihu, amma a ganina wannan nishaɗin 'yan kallo ne kawai. Ainihin abin yana can gabas, bayan an bar Maseru an nufi wajen Roma, garin da jami'ar ƙasar take, sannan hanya ta fara nannaɗe duwatsu.

Washegari muka tsaya a gindin wata mashiga, muka hau da ƙafa. Ban yi nisa ba numfashina ya fara sarƙewa. Makiyaya lulluɓe da barguna, da takalman roba har gwiwa, suna wuce mu a kan ƙananan dawakansu ko a jikinsu, kowa ya ce mana "Lumela, ntate" ya yi gaba.

Abin da na gani a saman nan ya sha bamban da tseren da na saba gani a talabijin. Babu mai gudu. Hanyar dawaki ce da ruwa ya zaizaye, duwatsu jibga-jibga a tsakiyarta, rami a gefe guda. Gwanayen rukunin zinariya, wato na sama, suna zuwa a tsaye kan matakin ƙafa, injin yana ɗan gurnani ƙasa-ƙasa, su tsaya cak ba tare da sun sa ƙafa a ƙasa ba, su dubi dutsen, su saki kuloci, tayar gaba ta ɗaga, sai ka gan su a sama. Na rukunin azurfa da tagulla hanyarsu ta fi sauƙi, amma a wajensu ake ganin wahala tsirararta: lagireto yana tafasa, mutum ya cire hular kwano ya zauna kan dutse yana haki, wani ya taya ɗan'uwansa turi alhali abokin karawarsa ne. Samarin ƙauyen kuwa sun san inda ake maƙalewa. Suna nan da igiya, a yi ciniki, su ɗaura a gaban babur su ja da waƙa. Kasuwa ce ta shekara-shekara, kuma ban ga laifinsu ba.

Na tambayi dattijon me ya raba wannan da sauran tsere. Ya ce motokuros a fili guda ake yi, a zagaya a zagayo, kowa ya haddace kwanoninsa. Enduro kuwa doguwar hanya ce cikin daji, da wuraren duba lokaci, mutum yana bin na'urar GPS da ke kan baburinsa, in abu ya lalace tsakanin tasha da tasha shi ne bakaniken kansa. Asalinsa tsoho ne, tun gasar kwana shida da aka fara a Carlisle ta Ingila a 1913, wadda har yanzu ake yi duk shekara. Irin na Lesotho shi ne mafi tsanani, ajinsu ɗaya da gasannin Erzberg na Ostiriya da Romaniacs na Romaniya.

Da la'asar, bayan na yi sallata a gefen mota, ya sauke baburin a wani fili kusa da masaukinmu. Kafin ya bar ni in taɓa shi sai da ya sa ni cikin kaya: hular kwano mai kare haɓa, tabarau, safar hannu, makarin gwiwa da na ƙirji, da takalmi mai tauri da ya kusa kai gwiwa. Ya ce wanda kuɗinsa bai isa babur da kaya ba, ya fara sayen kaya, ya ari babur.

Baburin kansa abin kallo ne. Nauyinsa ya ɗan haura kilo 100, tayar gaba inci 21, ta baya inci 18, dogo ne har sai na yi ɗage ƙafata ta taɓa ƙasa. Injinsa irin wanda ake gauraya wa baƙin mai da fetur ne. A cikin tayoyin babu iska, wani soso mai tauri ake cusawa, don haka babu zancen faci a tsakiyar dutse. An sa masa faranti a ƙarƙashin inji da makari a gaban hannaye. Tun a gida ya canja wa kafireto jet, wato ɗan bututun da ke auna man da ke shiga inji, saboda iskar sama ba ta da kauri, inji yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, in ba a rage masa mai ba sai ya riƙa shaƙewa.

"Yaro, ka iya babur, na gani," in ji shi. "To yau tsayuwa za ka koya."

Haka kuwa aka yi. Ya sa ni tsaye kan matakai, gwiwa a ɗan lanƙwashe, gwiwar hannu a buɗe, yatsa ɗaya kan kuloci, ɗaya kan birkin gaba. Ya ajiye duwatsu biyu ya ce in riƙa zagaya su a giya ta ɗaya, a hankali iyakar iyawata, idona a inda zan je, ba a kan tayar gaba ba. Duk wanda ya taso yana tuƙi a zaune, totur a hannu, zai sha mamakin yadda tafiyar hawainiya ke gajiyarwa. Kafin a jima damatsana sun ƙage, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Ya ce alamar ina riƙe da kan babur da ƙarfin tsiya ne, in matse shi da ƙafafu in sassauta hannu.

Daga nan ya kwantar da baburin a ƙasa ya ce in ɗaga, ya nuna mini yadda ake durƙusawa a ɗaga da ƙarfin cinya don kada baya ya tashi aiki. Sannan ya kai ni wani ɗan gangare ya koya mini abin da ake yi in inji ya mutu ana tsakiyar hawa: a bar shi cikin giya, a sauka ta ɓangaren tudu, a riƙa murza kan babur har gabansa ya juyo ƙasa. Wannan darasin ya fi daɗewa a kai, don ya ce shi ne abin da sabon shiga zai fi yi a shekararsa ta farko.

Hadari ne ya tashe mu. A duwatsun nan ruwan yamma ba ya sallama, ga tsawa ga ƙanƙara, kuma da rana ta faɗi sanyi ya sauko duk da cewa lokacin zafinsu ne. Muka shige ɗaki, aka kawo tuwon masararsu da miyar ganye, wanda ya raba ni da tambayar ina aka yanka nama.

Muna ci yana lissafa mini matakai. Babur na hannu, mai 200 ko 250, ba sabo ba, don zai sha ƙasa. A shiga ƙungiyar masu hawa ta gari, kada a kuskura a shiga daji mutum ɗaya. A nemi lasisin gasa daga hukumar Motorsport South Africa, a fara da ƙananan gasannin ƙungiya inda ake da ajin 'yan koyo. Roof kuwa, ko rukunin tagulla, sai an shekara biyu ko uku ana wannan. Na yi lissafin kuɗin taya da soso da sarƙa da kuɗin shiga, na ga abin ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi nesa ba kusa ba. Wasan masu hali ne, ko ba a faɗa ba, kuma kallo ɗaya za ka yi wa masu hawa da masu jan igiya ka gane haka.

Na so mu ƙarasa Semonkong in ga ruwan Maletsunyane da ke zubowa daga tsayin mita 192, amma aiki yana jiran dattijon a gareji. Muka juyo ta gadar Maseru. A hanya muka daidaita: zan riƙa taya shi wankin babura da canjin taya ranar Asabar, shi kuma ya ba ni aron KTM ɗin ranar Lahadi, mai da filogi a kaina.