Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Allon Baffa da Wayata

Makon jiya na tsaya a ranar da Inna ta sa aka kai tunkiyarta kasuwar Maigatari don a yanka mini fom ɗin JAMB, jarrabawar shiga manyan makarantu. A 2015 ke nan, shekarar da aka daina takarda da fensir gaba ɗaya, kowa sai ya zauna gaban kwamfuta. Ni kuwa har ranar ban taɓa ɗora yatsana a kanta ba.

Ba don babu ita a makarantarmu ba. Guda goma aka kawo muna aji huɗu, aka jera a wani ɗaki, aka lulluɓe da leda, aka danna kwaɗo. Ta taga muke leƙensu. Yau a ce babu wuta, gobe a ce mai makullin ya tafi Dutse. Darasin kwamfuta kuwa da alli ake zana mana shi: ga akwatin, ga gilashin, ga linzamin. Na haddace tsaf, na ci saba'in. Har gobe in na tuna ɗakin nan raina ɓaci yake yi, don kuɗin tunkiyar Inna a bakin ƙofarsa suka salwanta.

Ranar jarrabawa na kama linzamin da hannu biyu kamar mai riƙe kaza. In na tura shi dama kibiyar ta ɓace, in na dawo da shi ta haye sama. Amsoshin suna kaina, wallahi suna kaina, lokaci kuwa yana ta zuba a kusurwar gilashin. Sai a 2017 aka kawo tsarin maɓallai takwas, ka danna A ko B kawai ka wuce. Da a zamanina ne, da labarin nan ya sha bamban.

Na dawo gida na tarar da Baffa kan buzunsa yana fiƙe alƙalami. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba ya ce, "Allo ba ya karantar da kansa." Na ɗauka gori ne. Kwana uku ban ci tuwo a zaurensa ba.

Labarin zamana a Gumel da karatun NCE, wanda ya mai da ni malamin makaranta, ba yau zan ba da shi ba.

A watan Maris na 2020 korona ta rufe makarantu. Ana sa darasi a rediyo, amma lokacin da ake sawa yaranmu suna wajen kiwo ko ɗiban ruwa. Sai na fara ɗaukar lissafin aji shida da muryata a waya, minti biyar-biyar. Masu babbar waya a garinmu ba su kai yatsun hannu ba, su nake hawa tudun gindin kuka in tura wa ta WhatsApp, don nan kaɗai sabis yake tsayawa. Sauran kuwa a shagon mai sola ake zuba musu a memori, su sa a ƙaramar wayar iyayensu. Naira hamsin nake biyan caji kullum daga aljihuna. Kawu, wanda ko sisi bai sa a karatuna ba, shi ne ya riƙa yawo yana cewa na zama ɗan danne-danne. Yanzu ɗansa a hannuna yake koyon kwamfuta, ban taɓa tuna masa ba.

Ina ta alfahari har ranar da ƙanwar matar Yaya ta kawo mini littafinta. Sau shida ta ji darasin, amma da ta zo haɗa rabi da kwata sai ta tara na sama daban, na ƙasa daban, ta samu biyu bisa shida. Muryata ba ta ga hannunta ba balle ta tsayar da ita. Baffa yana daga gefe yana wanke allon almajiri, ya sake faɗar maganar nan tasa, kalma ɗaya bai canza ba. Wannan karon ban yi fushi ba. Na karya kara gida huɗu na ajiye mata a tabarma. Daga ranar, duk wanda ya karɓi memori sai ya zo zaure bayan la'asar da littafinsa, biyar-biyar.

Damina ta yi nisa Baffa ya kira ni ya ce, "Kawo abar nan taka." Ya gyara zama ya karanta izu ɗaya, na ɗauka. Tarinsa ma yana ciki, wajen minti na bakwai. Yadda aka yi karatun nan ya kai har Hadeja bayan rasuwarsa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.